Kumfar da Ta Bi Kwata

Kafin ta iso daga jami'a an riga an kai mahaifiyarta makwanci. Ta tarar da mahaifinta durƙushe a bakin rijiya, yana wanke wani ƙanƙanen hatsi a ƙwarya.

Kinuwa ce, wani hatsin ƙasar waje. Ita da kanta ta kawo masa irin bara, ta ce a ɗakin bincikensu suna gwada wani sinadari na jikin kinuwar a kan ciwon daji. Ta nanata masa cewa gwaji ne, bai zama magani ba tukuna. Shi kuwa, da matarsa a kwance da wannan ciwon, sunan ciwon kaɗai ya ji. Da rani ya zo, ya fasa shuka alkama a fadamarsa ta Auyo, ya shuka wannan.

"Ragowar ce, zan yi mata sadaka," ya ce, bai ɗago ba. "Kullum ni nake dama mata kunun. Ban taɓa barin kowa ya wanke ba. Sai na cuɗa, na zubar, na sake cuɗawa, har kumfar nan ta fita tas. Kin san Innarki da ɗaci, ko shuwaka ba ta iya haɗiya."

Ta bi farar kumfar da kallo tana gangarawa kwata. Abin da take wuni tana tacewa a kwalabe, a cikin wannan ɗacin yake.

"Na yi daidai ko, Uwata?"

Ta durƙusa, ta ɗauki guga, ta ƙara masa ruwa.

"Ka yi daidai, Baba."