Makullin da Tanimu Ya Ƙera

Tun da doka ta ce kowane mai rubuta manhaja sai ya yi rantsuwa ga ma'adanar bayanai guda ɗaya, garin ya rabu biyu bisa sunayen ma'adanan: 'yan Rumbu da 'yan Taska. Inda mutum ya yi rantsuwa, can ake ajiye bayanan iyalinsa. Tanimu ya shekara ashirin da biyu a Rumbu, ko ɗaurin auren 'yan Taska ba ya zuwa.

Ranar Talata ya je asibiti karɓo wa matarsa Kande maganin ciwon suga. A taga ya tarar da Gambo, tsohon abokin aikinsa da ya koma Taska, wanda ya daina gaisawa da shi.

"Sunan Hajiya bai fito ba," in ji Gambo. "Asibitin ya koma Taska tun jiya."

"To, a kwaso bayananta mana."

"Mun gwada, Malam Tanimu. Akwai makullin manhaja da ya hana mu karanta komai na Rumbu."

Tanimu ne ya ƙera makullin, wata bakwai yana kansa. Lambar yabon da aka ba shi kan aikin tana rataye a falonsa.

"Bari in kira shugabanmu na Rumbu," in ji Tanimu, "mabuɗin na hannunsa."

Gambo ya nuna sama da baki. "Yana hawa na uku, shi ne daraktanmu yanzu. Ya ce ya manta."

Da ya koma gida hannu wofi, Kande ta tambaya, "Na'urarsu ce ta lalace?"

"A'a," ya ce. "Aikina ne ya yi kyau."