Motar da Baba Ya Gwada a Kwance

"Baba, don Allah ka sauko, mutane na kallo."

Bai ko dube ni ba. Ya miƙe ƙafafu a bayan boksi, wato a-kori-kura, ya ce wa dillalin motoci na unguwar Mantiƙa Sinaiya a zaga da shi.

Motoci biyu ne a gabanmu. Ɗaya mai doguwar ƙafa da manyan tayoyi, ba ruwanta da rairayi. Ita nake so. Wata uku ke nan ban leƙa kasuwar Suk al-Shabi ba, saboda sojoji na kwashe samari zuwa yaƙin Kudu. Da ita, kwana biyu sun ishe ni in tsallake iyaka ta hamada. Ɗayar kuwa 'yar gari ce, ga laushi ga sanyi, amma ko a unguwar Umbadda aka yi ruwa sai ta maƙale.

Ya gwada kowacce a kwance. Ta farko ta jijjiga shi har ya yi nishi. Daga ta biyu ya sauko yana kakkaɓe jallabiya.

"Wannan," ya ce.

Raina ya ɓaci. "Ka ɗaure ni a garin nan ke nan, Baba! So kake su kama ni?"

Ya zaro takardar asibiti ya danƙa min.

"Likita ya ce da wuya in ga Azumi. Hanyar maƙabarta duk ramuka ce, Husam. Ka kai ni a hankali tukuna, sannan ka sayar ka sayi taka."