Ɓerayen Ɗaki na Biyu

Ɓerayen da ba a ba nikotin ba su ma sun koma giya, kuma da zafinsu. Tumpale ta tsaya gaban keji kamar ta ɗora hannu a ka.

Aikin digirinta na uku ke nan: a koya wa ɓeraye giya, a raba su da ita, sannan a ba rabinsu nikotin, sinadarin nan na taba, a ga waɗanda za su koma giya. Na ɗaki na ɗaya masu nikotin ne, su koma ba laifi. Amma na ɗaki na biyu, salihan bayin Allah, sai danna maɓallin giya suke kamar 'yan biki. In aka tafi a haka digiri ya sha ruwa, ga ranar kare aiki ta matso.

Ta kai jininsu gwaji. Nikotin fal.

Zarginta ya sauka kan malaminta, Farfesa Shayo, wanda ya rantse gaban fasto ya bar taba, amma kullum bakinsa cike da kanumfari. Matarsa Mama Eliya, shugabar mawaƙan coci, ba ta wasa da rantsuwar nan. Kullum da rana za ta kawo masa dafaffiyar ayaba da nama irin na garinsu Moshi, ta caje aljihunsa, ta jefa abin da ta samu a jaka, ta wuce famfon ɗaki na biyu wanke kwanuka.

"Farfesa, don Allah kana shiga wajen ɓerayena?"

"Ni? 'Yata, tun Ista ban zuƙi kara ɗaya ba. Ina saya, ana ƙwacewa."

Tumpale ba ta yarda ba. Washegari ta laɓe bayan buhunan abincin ɓeraye, haushi kamar ya kashe ta. Aka turo ƙofa, aka murza makulli. Ashana ta yi ƙyas. Hayaƙi na tashi ɓeraye suka yo gaban keji kamar masu tarbar tsohon aboki.

Ta yi wuf ta fito. "Farfesa, yau na kama..."

Ashe ba Farfesa ba ne. Mama Eliya ce zaune kan bokiti, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tabar mijinta a hannu, kwanuka ko ruwa ba su gani ba. Ta busa hayaƙi ta hanci ta ce, "Yi ƙasa da murya, 'yata. Dole wani ya shanye ta, kar ta kashe mini miji."