Magen Mai Ɗinki da Ƙafar Maigida

Wata mai ɗinki ta rasa gane kan magenta. Dabbar da ta saba kwanciya a kan ƙyallaye a gindin keken ɗinki, yanzu ba ta barin bakin kwanon ruwa. Ci take yi ba ƙaƙƙautawa, amma ramewa take har ana ganin ƙashin bayanta.

Ta sa ta a kwando ta kai wa likitan dabbobi. Ya gwada jininta ya ce, "Hajiya, ciwon suga ne. In kin daure da kulawa, za ta rayu lafiya."

Ta kuwa daure. Kullum da safe sai ta ɗumama wa magen kunne da tsumma, ta ɗan huda gefensa da allura, ta ɗebi ɗigon jini a na'urar gwaji. Da farko abin ya yi mata wuya, ita da ta tsufa da allura a hannu. Magen ta sha yaƙushinta, amma mai ɗinkin ba ta taɓa yin fushi ba. Ba ta yi mata allurar magani sai ta ga ta ci abinci, kuma in gwajin ya nuna suga ya sauka, sai ta kira likita kafin ta taɓa komai. A hankali magen ta murmure, gashinta ya kwanta.

Mijinta, direban babbar mota, dariya kawai yake yi. "Maman yara, wannan magen ta fi ni gata a gidan nan!"

Ita kuma idonta ya riga ya buɗe. Ta lura gorar ruwa ba ta barin hannunsa, ban ɗaki ya zame masa wurin zama, wandunansa duk sun yi masa yawa har tana rage masa ƙugu. Ga wani ɗan rauni a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa.

"Maigida, don Allah ka je asibiti a gwada maka suga. Abin da na gani a jikin magen nan shi nake gani a jikinka."

Ya ɓata rai. "Ni kike haɗawa da mage? Gajiyar hanya ce kawai."

Ta roƙe shi, ta haɗa shi da yayansa, har kuka ta yi masa. Ya ɗaure ƙafar da ƙyalle ya hau motarsa.

Daga wannan tafiyar, ɗauke shi aka yi aka dawo da shi, jiki zafi zau, ƙafa ta yi baƙi tana wari. A asibiti aka ce suga ya daɗe yana cinsa, ba yadda za a yi sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Tuƙi ya ƙare ke nan.

Da ya farfaɗo ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Kin faɗa min."

Ta gyara masa matashin kai. "Bar wannan maganar. Ka sha maganinka."

Tun daga ranar take ɗauke da su duka biyun, ga ɗinkin da ke ciyar da gidan, ba wanda ya taɓa jin ta yi masa gori.

Jama'a, yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama da raunin da ya ƙi warkewa ba abin wasa ba ne, a jikin mutum ko na dabba. Ku je a gwada ku tun da wuri, kuma kada girman kai ya hana ku sauraron mai kula da ku.