Agogon Dara

Ranar da ya sa wa darar agogo, 'yan zauren suka yi ta zuba masa yabo. Shi ya ƙirƙiro wasan na waya a shagon cajinsa da ke Birnin Kudu. Su kuwa gwanaye ne da suka buɗe zaure a intanet, kullum suna ƙorafin masu jan jiki sun ɓata musu wasa. Su ne suka ce masa: "Duk wanda minti ya cika bai motsa ba, a ce an cinye shi. Abin da jama'a ke so ke nan." Ya yarda, don muryarsu kaɗai yake ji.

Kafin wata ya ƙare, masu wasa sun watse. Ya koma zauren neman shawara, wanda ya fi kowa zaƙewa ya amsa masa: "Wace dara? Ai tuni muka koma wasan ƙwallo."

Ran nan ya shiga motar Gwaram. Da direban ya ji ko shi wane ne, sai ya dube shi ta madubi.

"Malam, ni da yayana na Kano muke bugawa. In motsa a tasha, shi ya rama bayan la'asar, wasa ɗaya sai mu yi sati. Tun rabon gadon Baba ba ma magana, amma in na ga ya motsa, na san ya tashi lafiya."

"Yanzu fa?"

"Agogonka ya ce na cinye shi. Ban sake jin ɗuriyarsa ba."