Maginin da Ya San Ƙasa

Ka ce wai wawa kaɗai dukiya ke ja da hanci, mai hankali ba ya sayuwa. To, gyara zama ka ji misalin wani magini.

A wani gari an yi wani magini wanda duk yankin babu mai sanin ƙasa kamarsa. In ya damƙi ƙasa ya murza ta a tafin hannu, zai gaya maka ko za ta ɗauki soro ko ba za ta ɗauka ba, kuma ba a taɓa jin ginin da ya tayar ya zube ba. Sai dai sanin nan bai tara masa komai ba, gidansa ma da ragowar tubalin mutane ya gina shi. A garin kuwa akwai wani attajiri mai fataucin gyaɗa, mutum mai sakin hannu, wanda zaurensa ba ya rabuwa da akushi. Shekarar da fari ya cinye gero, shi ya aika wa magini da buhu har gida ba tare da an roƙa ba. Da aka yi masa haihuwa, shi ya kawo ragon suna. Tun daga nan magini ya zama ɗan zaure, kullum da la'asar yana cikin masu sa hannu a tuwon attajiri, shi da mai unguwa da sauran dattawa.

Wata rana attajiri ya kwashe su duka ya kai su wani fili da ya saya a bakin kasuwa, ya ce nan yake so a gina masa sito mai bene, ƙasa a zuba gyaɗa, sama a sauki baƙi. Magini bai ko sunkuya ba ya gane wurin. Tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da toka, yana yaro ma ya yi iyo a cikinsa. Ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, wurin nan ciko ne. Ba zai riƙe bene ba." Attajiri ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce ai ya riga ya gaya wa abokan cinikinsa na birni, kuma in ba don irin wannan rana ba, mene ne amfanin gwani? Magini ya dubi dattawan nan, waɗanda kowannensu ya san kududdufin kamar yadda ya san ƙofar gidansa. Wani ya shiga gyaran hula, wani ya tsura wa takalminsa ido, wani ya ce ai hannun Alhaji albarka gare shi, duk abin da ya taɓa sai ya tsaya. Kalmar a'a ta zo wa magini har maƙogwaro, ya tuna buhun gero, ya haɗiye ta. Daga nan hankalin da ya kamata ya tsayar da shi, shi ya koma nemo masa hujja. Ya ce wa kansa zai zurfafa harsashi, ya ƙara wa katanga kauri, ya zaɓo azara mai ƙwari, wataƙila ma ƙasar ta daɗe da kwanciya. Da wawa ne, da ya gina a kan rashin sani. Shi kuwa da saninsa ya ɗora kowane tubali.

Gini ya tashi gwanin kyau, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Damina ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu ya hangi wata 'yar tsaga kamar zare a kusurwar arewa, ya kwaɓa ƙasa ya shafe ta, bai gaya wa kowa ba. A ta uku aka yi marka, kwana bakwai rana ba ta leƙo ba. Matan da ke ɓarar gyaɗa a ƙofar sito don a biya su suka kwashe kayansu suka shige ciki suna fakewa, ana gab da azahar ginin ya durƙusa a kansu. Mutum biyar aka zaro babu rai, cikinsu har da ƙanwar maginin, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da hannunsa ya tone ta, yana ɗaga azarar da shi da kansa ya zaɓo.

Attajiri ya yi kuka na gaske, ya sayi likkafani, ya aika da shinkafa da goro kowane gidan makoki, gari ya ɗauki yabonsa ana cewa irinsa sai an tona. Ranar sadakar uku dagaci ya zo ta'aziyya, ya dubi magini a gaban jama'a ya ce, "Kai ne masanin ƙasa. Akwai wanda ya san haka za ta faru?" Marayun ƙanwar magini na zaune a bakin ƙofa, attajiri na gefensa a tabarma ɗaya, idanu jawur. Magini ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, abu ne na Allah." Dattawa suka ce haka ne, aka shafa fatiha, aka watse.

Bai ƙara taɓa tubali ba har ya mutu, kuma bai taɓa faɗin dalili ba, su ma waɗanda suka sani ba su tambaye shi ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.