Baba Ya Fara Hawa Bene

Agogo biyu Malama ta sayo, baƙaƙe, iri ɗaya sak, irin masu ƙirga taku da bugun zuciya su aika wa waya. Ɗaya na Baba, mahaifinta, ɗaya nata, ta ɗiga wa nata jan farce a baya ta ɗaura.

A gaban likita ta kafa wa Baba sharaɗi: taku dubu huɗu kullum, in ya kasa ya kulle gidansa ya dawo wurinta da zama. Baba tsohon direba ne, shekara arba'in a zaune, gwiwa ta riƙe. Kujerarsa ta falo har ta yi rami daidai jikinsa. Batun barin gidan kuwa, ya ce sai dai a ɗauke shi da kujerar.

Makon farko, taku ɗari uku. Ranar Asabar ta zo ta yi masa wanki, ta haɗa da faɗa, ta jona agogunan a caji kan tebur, ta shige kicin. Da ta fito Baba ya miƙo mata nata da ladabi, ya ce ya ji, zai gyara.

Ya kuwa gyara. Litinin dubu tara. Talata dubu goma sha biyu. Tsakanin aji da aji Malama ke leƙa shafin Baba a waya tana murmushi. Nata shafin ba ta da lokacinsa, ga yara sittin, ga ajinta a hawa na uku, ga girki na jiranta a gida.

Sai murna ta fara komawa ciki. Waya ta ce Baba na hawa bene sau takwas a rana, alhali gidansa ko dakali babu. Barcinsa awa huɗu. Zuciyarsa kan yi tsalle da bakwai da rabi na safe.

"Baba, ina kake zuwa haka?"

"Inda agogo ya ce," in ji shi, ya kashe waya.

Ranar Laraba ta kai wa likita lissafin. Ya gyara gilashi, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce mai wannan zuciyar in bai huta ba, faɗuwa zai yi.

Daga asibiti ta nufi gidan Baba, rabi tafiya rabi gudu, idonta a kan waya. Taku na ƙaruwa. Bugun zuciya ɗari da goma, ɗari da ashirin. Duk inda tsohon nan yake, gudu yake yi. Ta yanke shawara: yau ko yana so ko ba ya so, sai ya kwana a gidanta.

Ta banko ƙofa. Ga Baba a ramin kujerarsa, baki buɗe, rediyo a kan tumbi, yana minshari. Ta dubi waya. Takun ya tsaya cak.

Ya buɗe ido ɗaya. "Me likita ya ce?"

"Cewa ya yi a huta," ta ce tana haki.

"To ai kin ji. Zauna, 'yar nan."

Ba ta zauna ba. Ta kamo hannunsa, ta kwance agogon, ta juya bayansa, sai ga ɗigon jan farcenta.